Duwatsun Rumbun Kulu

Tun da aka fara maganar gina ɗakin siminti a bayan gida kuke fama da ni a kan duwatsun nan tara, ni ma ina fama da ku. Kun ce tsufa ne ya kama ni. Kun ce wa ke gadin dutse a garin da sunansa ma Dogon Dutsi. Duk na ji. Amma ranar Juma'ar da ta wuce, kai Bawa, kana tsaye a kansu da mai ginin, ka ɗauka barci ya kwashe ni a kujera, sai na ji ka ce masa:

"Ɗebe su kawai in tsoho ya tahi masallaci. Na wata mata na da ta gudu ta bar ɗanta."

Wata mata. Uwar da ta haife ka ce ta zama wata mata a bakinka, kana da furfura a gemu. Ban ga laifinka ba, domin ni na dasa maka wannan magana kana ɗan shekara biyar, ni kuma na yi ta ba ta ruwa har ta yi saiwa. Na gaji da ɗaukar ta. Idona ya yi rauni, kuma ranar wanka ba a ɓoyon cibi. Saboda haka zan rubuta muku shekara guda daga cikin shekaruna. Sauran ba su da wani abin faɗi, lakwal ce da alli da ciwon baya.

Shekarar da Jamus ta karya Faransa ina saurayin malami a lakwal, wato makarantar boko, ta nan garin, ban kai talatin ba. Mushe Arzika ake ce mini, yadda ake kiran duk wanda ke koyar da karatun anasara. Labarin ya iso mu a makare, kamar yadda kome yake isowa yankin nan namu da ake kira Arewa. Aka ce Faransa ta faɗi, wani tsohon soja mai farin gashin baki ya karɓi ragamar abin da ya rage, Marishal ake kiran sa. Ba a daɗe ba hotonsa ya iso cikin akwati, aka ba ni na rataye a saman allo. Tare da hoton aka zo da kalmomi uku da za mu riƙa sa yara su faɗa kowace safiya a gindin tuta: Aiki, Iyali, Ƙasa. Aka bayyana mana cewa Faransa ta faɗi ne don mutanenta sun sangarce, 'ya'ya ba sa jin maganar uba, mata sun bar murhu sun ƙi haihuwa, kowa yana cewa daidai yake da kowa. Maganin abin, in ji su, kowa ya koma mazauninsa. Uba a kan gida, mai gari a kan uba, sarki a kan mai gari, kumandan a kan sarki, shi kuma Marishal uban kowa da kowa.

Ba zan ce muku dole aka yi mini ba. Maganar ta yi mini daɗi ƙwarai. Ubana bai daɗe da rasuwa ba, gida ya faɗo a kaina, amma babu wanda ya ɗauke ni maigida. A taron dattawa yaron anasara nake, sai an gama shawara a tuna da ni. A cikin gida kuwa Gwaggo Tabawa, ƙanwar ubana da ke zaune tare da mu, har aike na take yi in sayo mata taba. Ana cikin haka sai ga takarda tun daga Faransa tana cewa ni sarki ne a gidana. Wane matashi ne zai ƙi? Na haddace maganganun nan fiye da waɗanda suka rubuta su, na sayi sanda ina yawo da ita ba tare da ƙafata tana ciwo ba.

Uwarka Kulu 'yar wani ƙauye ce kusa da Dumega. Gajeriya ce, mai saurin tafiya, mai saurin dariya. Ba ta taɓa kiran sunana ba, sai dai Mushe, kuma yadda take jan kalmar kai ka san tsokana ce. Idan na dawo ina yi musu wa'azin Marishal a tsakar gida, takan ci gaba da tankaɗe ta ce:

"To Mushe, shi wanga uban namu na cikin hoto, shina da gona? Ko awa kai shike, noman baki?"

Gwaggo ta yi ta dariya har taba ta shaƙe ta. Ni ma a lokacin nakan yi dariya, amma tana ci mini rai.

Ku da kuka tashi kuna sayen hatsi a buhu, dole in tsaya in gaya muku yadda gida yake cin abinci a wancan zamani, in ba haka ba ba za ku gane girman abin da na yi ba. Akwai gandu, gonar gida, ta maigida. Akwai kuma gamana, 'yar gonar da ake yankar wa mace, ta noma da hannunta bayan ta gama aikin gandu. Abin da gamana ta ba ta nata ne, rumbunsa daban. Bayan girbi da ɗan lokaci maigida yakan rufe rumbun gandu, ba a sake taɓa shi sai ruwa ya sauka an shiga noma. Duk tsawon rani rumbun mace ne ke ciyar da ita da 'ya'yanta, har shi maigidan yana sa hannu a tuwon bai tambayi daga ina ya fito ba. Shi ya sa namiji ba ya buɗe rumbun matarsa. Ba ya leƙawa, ba ya tambayar dami nawa ke ciki. Ba doka ba ce da aka rubuta, ban kuma taɓa jin an yi wa wani hukunci a kanta ba, saboda ban taɓa jin wanda ya karya ta ba. Rumbun Kulu na laka ne, a kan duwatsu tara. Ita ta ɗauko su a ka daga gindin dutse, kowace safiya guda ɗaya, tana ɗauke da cikinka. Na ce ta bari in sa yara su kawo, ta ce dutsen da ba ita ta ɗauko ba bai san ta ba.

Daminar shekara ta biyu ta mulkin Marishal ba ta yi mana kyau ba. Tun farkon shuka aka ɗauke ƙanena, wanda yake riƙe mini gandu, aka tafi da shi aikin dole na hanya. Ruwa kuma ya ɗauke hatsi yana fitar da kai. Abin da na samu a gandu ko rabin rumbu bai kai ba. Gamanar Kulu kuwa tana cikin kwari, ƙasar tana riƙe laima, ga shi ta yi mata taki da kashin awakinta. Ta cika rumbunta har wuya. Damunanta ba sa ɓata a cikin dubu, domin da kaba kitsattsiya take ɗaure su, ta yi ƙulli biyu, yadda uwarta ta koya mata. A can sama ta ajiye zangarniyoyin da ta zaɓa don iri, irin gidansu mai dogon kai da ta zo da shi ranar da aka kawo ta.

A shekarar ne aka ƙara nauyin rumbun tsimi. Tun bayan yunwar da fara ta jawo, anasara suka sa kowane gari ya yi rumbunan da kowane maigida zai zuba hatsi, a liƙe, ba a buɗewa sai da izinin kumandan. Wai don ranar yunwa. Mu dai rumbun kumandan muke ce masa. Yanzu kuma an rufe iyakarmu da ƙasar da Ingilishi ke mulka, an ce maƙiyanmu ne, an zuba sojoji a kan hanyar da mutane ke bi zuwa suna da biki ba su ma san sun tsallaka wata ƙasa ba. Sojoji suna ci, dawakinsu suna ci. Aka ninka abin da kowa zai kawo. Mutanen Arewa kuwa ba yau suka fara ganin anasara ba. Kafin gardawa, 'yan sandan kumandan, su zagayo, hatsin gandu ya yi ƙaura ya koma rumbunan mata. Gardi ya zo, maigida ya nuna masa rumbu wayam ya ce ga nawa, wancan cikakken na uwar yara ne. Gardin shi ma ɗan ƙasa ne, uwarsa tana da rumbu. Sai ya tofar da yawu ya wuce.

Kumandan na lokacin wani dogo ne da muke kira Jan Wuya. Da ya gano dabarar sai ya sa aka tara mutane ranar kasuwa. Tafintansa yana kwance da kurkunu a ƙafa, aka aiko lakwal aka kira ni. Na sa farar rigata na tsaya kusa da shi a kan benci, jama'a har bakin rumfunan masu gishiri. Ya ce a sabuwar Faransa gida yana da kai ɗaya ne, kamar mutum. Ya ce mace ba ta da rumbu, duk hatsin da ke cikin danga na maigida ne, kuma daga gobe kowane rumbu za a buɗe. Iyakar abin da ya faɗa ke nan. Ni kuwa da na juya shi zuwa Hausa sai na ƙara gishiri. Na ce namijin da ke fakewa bayan rumbun matarsa ya ba ta wandonsa ya karɓi zane. Na ce lokacin raggwaye ya wuce. Ina magana ina jin muryata tana yi mini daɗi.

Wani tsoho daga Matankari, da ya kawo igiyoyi sayarwa, ya dogara da sandarsa ya miƙe. Bai dubi kumandan ba, ni ya duba.

"Mushe, mun jiya. Anasara dai baƙo na, bai san gari ba. Amma kai ɗan gida, in tambaye ka. Kai kana iya buɗe na matakka?"

Kasuwa ta fashe da dariya. Har matan da ke sayar da fura suna riƙe ciki. Jan Wuya ya tambaye ni abin da aka ce, ban fassara masa ba. Jinina ya hau, na ɗaga murya yadda na baya za su ji.

"Gobe da hantsi. Wanda ka so shi taho shi gani."

Baki shi ke yanka wuya. Babu wanda ya sa ni, kumandan ma bai san na faɗa ba sai daga baya.

Washegari gardi Maidanda ya iso gidanmu da jakuna. Dattijo ne, tsohon soja, ya san ubana. Mutanen unguwa sun yi cirko-cirko a bayan danga. Ya duba rumbun gandu ya ɗauki abin da zai ɗauka, sannan ya zo gaban na Kulu ya tsaya. Ya matso kusa da ni ya yi magana ƙasa-ƙasa.

"Mushe, wanga na mata na. Mu wuce. Idona bai gani ba, kuma ba mai tambayata."

Kun ji ko? An buɗe mini ƙofa. Da na yi shiru kawai da shi ke nan, a yi mini dariya kwana uku a manta. Amma na hango kawunan mutane a bayan danga, har da tsohon nan mai igiya, ya kwana a garin musamman don ya gani. Na ce a kawo mini tsani. Gwaggo ta fito daga ɗaki da sauri, zanenta a hannu.

"Arzika! Ubanka ya yi shekara arba'in da uwakka, ya mutu bai san cikin rumbunta ba. Kai wa ya haihe ka? Sauko!"

Ban sauko ba. Na ture murfin jinka ya faɗi ƙasa, na leƙa. Har yau ina jin ƙamshin hatsin nan. Kulu tana bakin murhu, ƙanwarka Dije tana goye a bayanta, kai kuma kana riƙe da gefen zanenta. Ba ta yi kururuwa ba, ba ta zage ni ba. Ta tako har gindin tsani ta ɗaga kai.

"Mushe, in don anasara na, ɗauki rabi ka bar ma ɗiyanka rabi. In kuwa don waɗancan na da ka kallo, ko ka kwashe duka ba su bari dariya."

Ta faɗi gaskiya, shi ya sa na kwashe duka. Na riƙa miƙo damuna, Maidanda yana karɓa kansa a sunkuye. Da na kai ga zangarniyoyin iri sai ta ce, "Bar mini wanga, irin innata na." Na ji ta sarai. Na jefa su a kan jaki tare da sauran. Da aka gama ta shiga rumbun da tsintsiya ta share ƙasansa, ta tara tsabar da ta zube a ƙwarya, ba ta cika ba. Da ita ta yi mana tuwo ran nan, ta kawo mini nawa a akushi ta durƙusa ta ajiye kamar kullum.

Abin da zai ba ku dariya, in akwai dariya a ciki, shi ne babu wanda ya bi sahuna. Gardawa suka yi ta jan ƙafa, masu gari suka yi ta cewa gobe, shi ma Jan Wuya wata damuwar ta ɗauke masa hankali. A duk unguwarmu rumbun mace ɗaya aka buɗe, kuma mijinta ne ya buɗe shi. Ladana shi ne kumandan ya ba ni hannu a gaban yara ya kira ni maigida na gari, ya ba ni wata hular kaki da ta yi mini yawa. A rijiya kuwa mata suka sa mini suna Mai Leƙe. Sunan ya bi ni har na yi ritaya, kun sha jin sa kuna zaton don yadda nake duba littattafan yara ne.

Ranin nan ya yi tsawo. Kasuwa ba hatsi, ko kana da abin saye. Muka buɗe rumbun gandu tun kafin lokaci, muka cinye abin da ya kamata ya kai mu noma. Kafin bazara ta yi nisa matar malamin lakwal ta shiga daji da sauran mata tana tsinko anza, 'ya'yan itacen nan masu ɗaci da sai an jiƙa su kwana da kwanaki kafin su ciwu. Nononta ya ragu, Dije ta rame har ana ƙirga haƙarƙarinta. Duk da wannan Kulu ta ci gaba da hidimarta. Tana gaishe ni, tana wanke mini riga, tana kawo mini ruwa. Abu ɗaya kawai ta daina, tsokana. Mushen da take ja ya zama Mushe irin na kowa. Da ta zage ni da na samu abin riƙewa. Na je biro, ofishin kumandan, sau ɗaya na roƙi a ba ni ko dami biyu daga rumbun tsimi, aka ce ba a ba da izini ba, yunwar ba ta kai ba tukuna.

Da hadari ya fara haɗuwa a gabas, wata safiya ta same ni ina sa hular kakin nan. Ranar an shirya bikin girmama Marishal a filin tuta.

"Za ni Dumega in gaida inna, in biɗo iri. Ba ni da abin shibkawa. Ina so in tahi da Bawa."

Bawa, ka karanta wannan layin sau biyu. Ta ce tana so ta tafi da kai. Har ta wanke ka, ta sa maka 'yar taguwarka, ta ɗaure maka guzuri a tsumma. Ni na hana. Na riga na yi wa kumandan alkawarin ɗana ne zai riƙe ƙaramar tuta a gaban yara, ɗan maigida na gari. Ta roƙe ni sau uku, abin da ba halinta ba. A na ukun na buga sanda a ƙasa na ce ɗa na uba ne, ta tafi da mai shan nono ta bar mini nawa. Ta daɗe tana dubana. Sannan ta durƙusa ta goge maka fuska da bakin zanenta, ta kwance guzurin ta sa maka a hannu, ta ɗauki ƙwaryarta ta fita da hantsi, kowa yana gani. Kai kuma ka riƙe tuta, aka yi maka tafi.

Bayan kwana goma labari ya zo cewa mutanen ƙauyensu sun tashi gaba ɗaya sun tsallaka iyaka, gudun aikin dole da rumbun kumandan, ita ma ta bi su wurin kawunta. A lokacin malamin da matarsa ke ƙasar Ingilishi abin tuhuma ne. Aka kira ni biro. Na ce ta gudu, ban san kome ba, ba ni da sauran hulɗa da ita. Na dawo gida na iske ka a bakin ƙofa kana kuka kana kiran inna, kwana goma ke nan ba ka bari mun runtsa ba. Maganar da na faɗa wa anasara tana nan a bakina da ɗuminta, sai na faɗa maka ita.

"Yi shiru. Ta gudu ta bar ka."

Ka yi shiru kuwa. Ba ka sake kiran ta ba.

Bayan girbin shekarar wata Bafilatana mai suna Hajjo, wadda ke kawo mana nono, ta zo ta sauke ƙwarya a gaban Gwaggo. Shanunsu ba su san iyaka ba, suna kiwo nan suna kiwo can. Daga ƙarƙashin faifai ta ciro wani ƙulli ɗaure da kaba mai ƙulli biyu. Gumba ce ta sabon hatsi, an daka da zuma. Ta ce in ji Kulu, a ba Bawa. Tsoro ya kama ni, domin karɓar saƙo daga can yana iya kai mutum gidan kaso. Na ce da Gwaggo a ba ka, amma ta ce ita ta daka. Ta dube ni sama da ƙasa.

"Ni ba ni ƙarya da tsuhwana. Kai ka hwaɗi abin da kaka so. Amma ran da yaron ya tambaye ni, walle sai na gaya mishi."

Ba ka taɓa tambaya ba. Wane yaro ne ke tambayar gumba daga ina ta fito? Ni na miƙa maka na ce Gwaggo ta yi maka.

Mulkin Marishal bai cika shekara uku a wurinmu ba. Wata rana aka aiko in sauke hoton, na sauke na jingine shi bayan kabad, gara ta ƙarasa shi. Waɗanda suka koya mana kalmomin nan uku suka wayi gari ba su taɓa jin su ba. Tun daga nan na ga gwamnatoci da yawa, masu farar fata da masu baƙa, masu kaki da masu babbar riga, kuma kowace in ta tashi sa hannu cikin tukunyar talaka da sunan iyali take farawa. Ban ƙara yi wa kowa tafinta ba. Daga baya aka ba da izinin buɗe rumbunan tsimi na unguwarmu, na je na tsaya. Na ƙasa duk ƙwari sun cinye, kana ɗaga dami sai ya zube gari. Na hango kaba mai ƙulli biyu a cikin dusar. Hatsin da na hana 'ya'yana, ko soja bai ci ba, ko doki bai ci ba.

Iyaka ta buɗe, amma sai da na ƙara shekara guda kafin in tafi biko, girman kai yana ja mini riga. Na ɗora damuna a kan jakuna biyu na tsallaka. Ban tafi da kai ba, kuma da gangan na yi. Na yi lissafin in tana son ganin ka dole ta biyo ni. Na same ta a gidan kawunta tana sussuka, a bayanta ga sabon rumbu a kan duwatsu. Dije tana wasa a gefe, ba ta san ni ba. Kulu ta shimfiɗa mini tabarma ta kawo ruwa. Ta dubi jakunan, ta dubi hanyar da na fito, ta daɗe tana duban hanyar.

"Hatsi na gani. Ina ɗana?"

"Shina gida. In kin koma kya gan shi."

Ta yi wani ɗan murmushi, ba na tsokana ba.

"Ashe har yanzu kana bisa tsanin, Mushe. Ba ka sauko ba."

Ta ce in sauwaƙe mata, na sauwaƙe mata a gaban kawunta. Ta ce in koma da hatsina, na koma da shi. Ta roƙi in riƙa aiko ka ko sau ɗaya a shekara, na ce to, ban taɓa aikowa ba. Da farko ina cewa hanya ba kyau, daga baya ina cewa karatunka. Gaskiyar ita ce na san in ka je za ka ji labarin tsani. Na yi wani auren, aka haife ku sauran, rumbun ya zube da ruwan wata damina, duwatsun suka rage.

Gumbar kuwa ba ta fasa zuwa ba. Kowace kaka Hajjo ta kawo, da ta tsufa 'yarta ta karɓa. Shekara goma sha ɗaya, har ka tafi karatu Yamai. Tsoron gidan kaso ya daɗe da wucewa, amma na ci gaba da cewa Gwaggo ce, saboda ƙarya in ta girma ta fi ƙarfin wanda ya haife ta. Gwaggo ta rasu tana jiran tambayar da ba ka yi ba. Da aka haifa maka 'yar fari ka sa mata Tabawa, ka tashi a wurin suna ka ce don tsohuwar da ta riƙa daka maka gumba lokacin da uwarka ta yar da kai. Ina zaune a wurin, na shafa fatiha tare da kowa. Da Dije ta aiko cewa Kulu ta rasu, ka ce ba ka da gaisuwar da za ka kai. Ran nan ma ina zaune a wurin.

To ga shi na faɗa. Ba na neman ka yafe mini, ban ga ta inda za ka fara ba. Dije tana nan da rai a ƙauyen kawun Kulu, tafiyar rabin yini ce a mota, ta san inda kabarin yake. In ka je ka tambaye ta, an ce mini har shekarar da uwarka ta rasu tana ware zangarniya mafi kyau ta ce ta Bawa ce, ko da ta san ba mai kai maka.

Duwatsun ba nawa ba ne, shi ya sa ban iya ba da izini a kansu. Na taɓa sa hannu a kayan Kulu sau ɗaya, ya ishe ni. Kai ne magajinta. In ka ga dama ka sa mai gini ya ɗebe su gobe, ba sai na tafi masallaci ba. Abu ɗaya nake roƙo, kafin a ɗebe ka sunkuya ka ɗaga guda da hannunka ka ji nauyinsa. Tana ɗauke da kai ta ɗauko shi.